NAMAN KAZA: AMFANINSA DA HATSARINSA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fita bayan gari da sassafe cikin watan Yuli ko Agusta, bayan an kwana ana ruwa, ya san wani abu da kan tsiro a gindin itatuwa, ko a kan juji, ko a jikin suri, ko a kan kututturen da ya ruɓe. Jiya babu shi, yau ga shi tsaye da 'yar laimarsa, jibi kuma ya narke ya ɓace. Hausawa suna kiransa naman kaza, waɗansu kuma su ce laimar kwaɗi. Yarabawa suna ce masa olu, Ibo kuwa ero.

A wurare da yawa na ƙasar Hausa ba a ɗauke shi a bakin kome ba, sai yara su yi ta shurinsa da ƙafa. Amma a waɗansu sassan ƙasarmu abinci ne mai daraja, ana kai shi kasuwa ana samun kuɗi. Ban da wannan kuma, akwai irinsa wanda ɗan guntu kaɗan ya isa ya kashe ƙato. Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa, manomi ne ko ma'aikaci, ya san ko mene ne wannan abu, da aikin da yake yi a daji da gona, da yadda za a amfana da shi, da yadda za a kauce wa sharrinsa. Wannan shi ne maƙasudin wannan ɗan littafi.

1. Mene Ne Naman Kaza?

A zamanin da, masana ilmin halitta sun lissafa shi cikin tsire-tsire, domin sun ga daga ƙasa yake fitowa, kuma ba ya motsi. Daga baya suka lura ya bambanta da tsiro ƙwarai. Ba shi da ganye, ba shi da fure, ba shi da saiwa, ba shi kuma da koren sinadarin nan da tsiro yake haɗa abincinsa da shi daga hasken rana. Abincinsa sai abin da wata halitta ta riga ta haɗa. Saboda haka tun daga shekarar 1969 aka ware masa rukuni na kansa, shi da danginsa, watau funfunar da kan fito a kan tsohon tuwo, da yistin da ake kumbura burodi da shi. Binciken da aka yi a baya-bayan nan ma ya nuna cewa wannan rukuni ya fi kusa da dabbobi bisa ga tsire-tsire. Ya zuwa yanzu an ba wa ire-irensa fiye da 140,000 suna, kuma wajen 14,000 daga cikinsu su ne masu fid da laima ko wani abu mai kama da ita.

Abin da ido yake gani a sarari kaɗan ne daga cikin jikin wannan halitta. Ainihin jikin yana ɓoye cikin ƙasa ko cikin itace. Idan ka ɗaga ruɓaɓɓen ganye a wuri mai laima za ka ga waɗansu fararen zaruruwa, sirara ƙwarai, sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. To, wannan saƙa ita ce uwar. Takan yi watanni, ko shekaru, tana yaɗuwa ba wanda ya sani. Sa'ad da ruwa ya wadata sai ta dunƙule ta turo laima waje, kamar yadda itacen mangwaro yake fid da 'ya'ya idan lokacinsa ya yi. A cikin wani daji na Jihar Oregon ta Amurka an gano saƙa guda ɗaya wadda ta mamaye fili fiye da hekta 900, har ana lissafa ta cikin halittu mafi girma a duniya.

Aikin laima shi ne watsa iri. Idan ka kife ta za ka ga ƙarƙashinta layi-layi ne, kamar shafukan littafi. A nan ne ƙurar iri take, ƙwayoyi miliyoyi waɗanda ido ba ya iya ganin guda ɗaya daga cikinsu. Iska ce take kwashe su. Wanda ya faɗa wuri mai danshi da abinci sai ya tsiro ya fara sabuwar saƙa. Malamin makaranta yana iya nuna wa yara wannan a sauƙaƙe: a yanke laimar daga ƙafarta, a kife ta a kan takarda, a rufe da kwano, a bar ta ta kwana. Da safe za a ga ƙurar ta zana siffar laimar a kan takardar. A tabbata yara sun wanke hannu bayan an gama.

2. Aikinsa A Daji Da Gona

Aiki na farko shi ne ruɓarwa. Kowace shekara ganyaye suna zuba, rassa suna karyewa, itatuwa suna faɗuwa, dabbobi suna kashi. Itace kuwa yana da wani sinadari mai tauri wanda halittu kaɗan ne suke iya narkar da shi, kuma naman kaza da danginsa su ne kan gaba a wannan aiki. Saƙarsu takan ratsa cikin itacen, ta zuba masa ruwan da zai narkar da shi, ta tsotse abin da take bukata, saura kuma ya koma ƙasa ya zama taki. Da babu su, da daji ya cika da tarin matattun itatuwa, ƙasa kuma ta rasa ƙarfinta. Baƙar ƙasar nan da manomi yake murna da ita, da takin juji da yake ɗiba da jaki ya kai gona, duk da hannunsu a ciki.

Aiki na biyu shi ne cuɗanya da saiwoyin tsire-tsire. Mafi yawan tsire-tsiren duniya, wajen takwas ko tara cikin goma, suna da irin wannan saƙa manne da saiwarsu. Saƙar ta fi saiwa sirantaka, saboda haka tana shiga inda saiwa ba ta iya shiga, ta jawo ruwa da gishirin ƙasa ta ba tsiron, shi kuwa ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Dawa da gero da masara da wake duk suna da irin waɗannan abokai, ko da yake nasu ba sa fid da laima. Itatuwan doka da kawo kuwa, waɗanda suke da yawa a dazuzzukan tsakiyar Nijeriya, abokansu suna fid da laima da damina, kuma waɗansu daga cikinsu ana cin su. In an sare dajin doka an yi gawayi da shi, irin wannan naman kaza shi ma ya tafi ke nan.

Aiki na uku abin mamaki ne. Akwai irin garar da take gina manyan surai, wadda noma take yi a cikin surinta. Takan tattauna busasshen itace da ciyawa, ta gina waɗansu ɗakuna da su masu kama da soso, sa'an nan ta shuka irin wani naman kaza a kai. Saƙarsa ta narkar da itacen ya zama abincin da gara take iya ci. Gara tana ba shi mazauni mai sanyi da danshi, shi kuma yana ciyad da ita. Da damina sai ya turo laimarsa ta saman surin. Wannan iri na suri yana cikin waɗanda mutanen Afirka suka fi so saboda daɗinsa. A ƙasar Zambiya akwai wani ɗan'uwansa wanda faɗin laimarsa yakan kai kusan mita guda, masana kuwa ba su rubuta bayaninsa ba sai a 1980, alhali mutanen wurin sun daɗe suna cinsa. Har yanzu ba a sami hanyar noma irin na suri don sayarwa ba. Ashe ke nan surin da yake can cikin daji, nesa da gida da rumbu, yana da ranarsa.

3. Naman Kaza Cikin Tarihi Da Al'adu

Ɗan Adam ya daɗe da sanin naman kaza. A shekarar 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a kan duwatsun da suke tsakanin Italiya da Ostiriya, bincike ya nuna ya mutu wajen shekara 5,300 da suka wuce. Cikin kayansa an sami iri biyu na naman kazan da kan fito a jikin itace. Ɗaya na kunna wuta ne, domin in ya bushe yakan kama tartsatsin ƙyastu da sauri. Ɗayan kuwa ana zaton magani ne.

Mutanen Rum na da suna matuƙar sonsa, har ya zama abincin manya. Marubutan tarihinsu sun ce da shi aka kashe sarkinsu Kalaudiyus a shekara ta 54 bayan haihuwar Annabi Isa, watau aka sa masa dafi cikin akushin naman kaza. A ƙasar Sin an yi ɗaruruwan shekaru ana noma waɗansu ire-irensa a kan gungumen itace, kuma masu maganin gargajiyarsu suna girmama wani ja mai sheƙi da yake fitowa a jikin kututture. A yau ƙasar Sin ita ce take noma mafi yawan naman kazan da ake ci a duniya. Farin nan mai dunƙulalliyar laima da ake sayarwa a manyan kantuna kuwa, a Faransa aka fara nomansa cikin ƙarni na 17, daga baya aka riƙa shuka shi cikin kogunan da aka haƙi dutse a kewayen birnin Faris.

Akwai kuma irin da ba ya fitowa sarari, sai dai ya yi ƙwai cikin ƙasa kamar dankali. A Faransa da Italiya da karnuka ake farautarsa, saboda su ne suke jin ƙanshinsa, kuma yana cikin abinci mafi tsada a duniya. Ɗan'uwansa yana fitowa a hamadar ƙasashen Larabawa da Afirka ta Arewa bayan an yi ruwa. Larabawa suna kiransa kam'a, sunansa kuma ya zo cikin littattafan Hadisi na Buhari da Muslim. A ƙasar Meksiko kuwa waɗansu ƙabilu sun daɗe suna amfani da wani iri mai juya hankali wajen bukukuwansu na gargajiya. Wannan iri dokokin ƙasashe da yawa sun sa shi cikin miyagun ƙwayoyi.

A nan Nijeriya, mutanen kudu da na tsakiyar ƙasa su ne suka fi cinsa. Mata da yara sukan fita da asuba su tsinto shi a gonaki da kurmi, a sa a miya maimakon nama, ko a shanya a ajiye. Akwai wani iri da yakan yi ƙaton ƙullutu mai tauri cikin ruɓaɓɓen itace ko cikin ƙasa. A ƙasar Ibo ana kankare bayansa, a niƙa farin cikin, a haɗa da agushi a yi miya. A shekarar 1975 wani malamin Jami'ar Ibadan, B. A. Oso, ya wallafa bincike a kan sunayen da Yarabawa suka ba ire-iren naman kaza, da labarun da suke bayarwa game da su, da yadda suke magani da su. Irin wannan sani yana hannun tsofaffi, kuma abin da ba a rubuta ba yakan tafi tare da mai shi.

4. Abinci Da Magani

Ɗanyen naman kaza wajen kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Cikin giram 100 akan sami giram 2 zuwa 3 na sinadarin gina jiki. In an shanya shi ruwan ya fita, sinadarin yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Yana da bitamin na rukunin B, ba shi da maiƙo sai kaɗan, kuma in ya sha rana yakan haɗa bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. Bai kai nama ko kifi ko wake ba, amma ƙari ne mai kyau ga iyalin da nama ya yi musu tsada. A kullum a dafa shi sosai kafin a ci.

Wajen magani kuwa, babbar kyauta daga wurin 'yar'uwarsa funfuna ta fito. A 1928 wani likita a Landan, Alekzanda Filemin, ya lura cewa wata funfuna da ta faɗa cikin farantin gwajinsa ta kashe ƙwayoyin cutar da suke kewaye da ita. Daga nan aka sami penisilin, wanda aka fara yin sa da yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma ceci rayukan miliyoyin mutane. Amma fa a lura: waɗanda suke yawo da garin naman kaza ko shayinsa suna cewa yana warkar da ciwon daji, ko ciwon sukari, ko hawan jini, kada maganarsu ta sa wani ya bar maganin da likita ya ba shi.

5. Dangi Masu Ɓarna

Kowane gida da nasa. Burtuntunar da take mai da zangarniyar dawa baƙin gari, da makero da ƙyasbi da suke kama fatar mutum, duk 'yan wannan rukuni ne suke kawo su. Wadda ta fi su haɗari ita ce wata funfuna mai launin kore da rawaya da take kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba. Tana fid da dafi mai suna afalatoksin, wanda yake lalata hanta, yana kuma hana yara girma. An gano shi ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda cin ƙuli-ƙulin gyaɗa mai funfuna. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci masarar da ta kamu. Maganin abin shi ne a girbe amfani a kan kari, a shanya shi a kan tabarma ko daɓe har ya bushe ƙayau, a tsince wanda ya lalace a zubar, kada a ba dabbobi, a kuma ajiye sauran a wuri marar danshi.

6. Naman Kaza Mai Dafi

Fiye da iri 2,000 ne aka san ana ci a duniya. Masu kisa ba su da yawa, amma matsalar ita ce sukan yi kama da masu kyau, kama da wane kuwa ba ta wane. Wanda ya fi kisa shi ne wani daga cikin dangin da masana suke kira Amanita. Asalinsa na Turai ne, amma ya bazu zuwa Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu, kuma akwai waɗansu ire-ire masu irin dafinsa a ƙasashe da yawa. Rabin laimarsa ya isa ya kashe babban mutum. Dafinsa mayaudari ne: wanda ya ci ba ya jin kome sai bayan awa 6 zuwa 24, sa'an nan amai da zawo da ciwon ciki su taso. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, a ce ya warke, alhali a lokacin ne dafin yake cin hantarsa. Daga nan sai idanu su yi rawaya, hankali ya gushe, in ba a yi sa'a ba a rasa rai.

Akwai kuma wani babba, fari, mai kyan gani, wanda yakan fito cikin ciyawar filayen makarantu da lambuna a ƙasashe masu zafi. In ya girma ƙarƙashin laimarsa yakan koma kore-kore. Ba safai yake kisa ba, amma yana sa amai da zawo mai tsanani, waɗanda suke da haɗari ga yara da tsofaffi.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ga waɗansu maganganu da ake yi waɗanda ba gaskiya ba ne:

(a) Wai in ƙwari ko kaji ko awaki sun ci, mutum ma yana iya ci. Jikinsu daban, namu daban.
(b) Wai tafasawa ko soyawa ko shanyawa tana kashe dafi. Dafin Amanita ba ya jin wuta.
(c) Wai mai dafi yana da ɗaci ko wari, ko yana baƙanta cokali. Waɗanda suka ci suka tsira sun ce daɗi gare shi.
(d) Wai fari ba ya cutarwa. Waɗansu daga cikin mafiya kisa farare ne fat.
(e) Wai shan manja ko madara yana karya dafin. Ɓata lokaci ne kawai.

Ƙa'idar guda ɗaya ce: kada ka ci naman kazan daji sai wanda gwani, ɗan wurin, wanda ya daɗe yana cinsa, ya duba ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar. Wanda ya yi ƙaura zuwa wani gari kada ya dogara da sanin garinsu. In akwai shakka, a zubar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Iyaye kuma su ja kunnen yara kada su sa shi a baki.

In kuwa an riga an ci, aka ga alamar ciwo ko aka shiga shakka, a yi haka:

1. A tafi asibiti nan da nan, kada a jira a ga abin da zai faru.
2. A tafi da duk wanda ya ci abincin, ko da bai ji kome ba.
3. A riƙe ragowar naman kazan ko miyar a nuna wa likita, a gaya masa lokacin da aka ci.
4. A kan hanya a riƙa ba mai amai da zawo ruwan gishiri da sukari, muddin yana cikin hankalinsa.
5. Kada a ɗauke majiyyaci daga asibiti don ya ji sauƙi, sai likita ya sallame shi.

7. Noman Naman Kaza

Hanyar da ta fi aminci ita ce a noma shi, domin mai noma ya san abin da ya shuka. Irin da ya fi sauƙi a ƙasarmu shi ne wanda laimarsa take kama da ɓawon kawa. Ba ya bukatar gona ko takin zamani. Abincinsa shi ne abin da muke ƙonewa kowace kaka: karan shinkafa, da totuwar masara, da dusar katako, da sharar auduga. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Ga yadda ake yi a taƙaice:

1. A sassare karan ƙanana, a jiƙa shi, a tsane, har in an matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne kawai zai fito. In dusar katako ce, a haɗa ta da 'yar dusar shinkafa ko ta alkama.
2. A ɗura cikin leda, a jera cikin duro, a turara na awoyi da dama don a kashe funfunar da za ta yi masa kishiya.
3. In ya huce, a wanke hannu tas, a zuba iri, a ɗaure bakin ledar da toshiyar auduga. Irin kuwa saƙa ce da aka rena a kan ƙwayar dawa cikin kwalba, kuma a wurin masana ake sayensa.
4. A ajiye a ɗaki mai duhu da tsabta mako uku zuwa huɗu, har ledar ta yi fari fat. Wadda ta yi kore ko baƙi a fid da ita.
5. A tsattsaga ledar, a mai da ita wuri mai inuwa da iska da ɗan haske, a riƙa yayyafa ruwa sau biyu ko uku a yini.
6. Cikin mako guda ko biyu laimomi za su ɓullo. A cire su kafin bakinsu ya buɗe sarai. Leda ɗaya takan ba da girbi sau biyu ko uku, ragowar kuma ta zama taki.

Abokan gaban wannan sana'a su ne ƙazanta, da zafin bazara, da bushewar hunturu. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi na kwano, ana kuma iya rataya jiƙaƙƙun buhuna a bango don a sami sanyi. Ɗanyen ba ya wuce 'yan kwanaki, saboda haka a nemi masu saye tun kafin girbi, abin da ya rage a shanya. Kilo 10 na ɗanye yakan ba da wajen kilo 1 na busasshe. Mai son koyo ya fara da leda kaɗan, ya nemi shawarar malamin gona, ko ya tuntuɓi Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da take Oshodi a Legas, ko Cibiyar Binciken Gandun Daji da take Ibadan. Matambayi ba ya ɓata.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa abin nan da muke takawa mu wuce yana cikin masu raya ƙasar nomanmu da dazuzzukanmu, kuma yana iya zama abinci da sana'a ga mata da matasa. Mun kuma ga cewa ganganci da shi yana iya hallaka gida guda cikin mako ɗaya. Mu rage ƙona daji da sarar itatuwa barkatai, mu bushe amfanin gonarmu da kyau, mu guji cin abin da ba mu tabbatar ba. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Allah Ya kiyashe mu, amin.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa uku da suka bambanta naman kaza da tsiro.
2. Wace moriya gara take samu daga naman kazan da yake cikin surinta?
3. Me ya sa sauƙin da mai cin dafin Amanita yake ji a kwana na biyu ba abin dogara ba ne?
4. Ta yaya manomi zai tsare gyaɗarsa da masararsa daga funfuna?
5. Don me ake turara kara kafin a zuba masa iri?